Yadda Ake Nemo Amsa-amo Cikakke da Na Kusa Wajen Rubuta Waƙa

Mai fara rubuta waƙa ba kasafai yake rasa abin faɗa ba. Baiti na farko ya zo a guje, na biyu ya biyo shi, ana zuwa na huɗu sai alƙalami ya cije, domin kalmar da za ta rufe ɗango, wato layi ɗaya na baiti, ta ƙi zuwa. Daga nan sai a shiga cusa "fa" da "mana" da "jama'a ku jiya" don dai sauti ya faɗa daidai. Na daɗe ina wannan wahala kafin in koyi tanadar amsa-amo, wato dacewar sautin ƙarshen ɗangaye, wanda wasu ke kira ƙafiya, tun ban rubuta ɗango ko ɗaya ba. Hanyar da nake bi ke nan, ko waƙar karantawa ce ko ta rerawa da kiɗa.

Kayan aiki

Littafin rubutu guda wanda ba a yin komai a cikinsa sai tara kalmomi. Ka ware wa kowace gaɓar ƙarshe shafinta: shafin -ya, shafin -wa, shafin -na, shafin -ri, haka dai. Duk kalmar da ta burge ka a hira ko a karatu, ka kai ta gidanta.

Fensir da abin gogewa. Za ka yi gogewa fiye da rubutu.

Waya mai naɗar murya.

Ƙamus mai nuna tsawon wasali da karin sauti. Na Bargery da aka buga a 1934 yana nunawa, kuma ana samunsa a intanet. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 shi ma yana nunawa. Idan kana da ƙamus a waya ko kwamfuta, ka yi amfani da wurin bincike: rubuta ƙarshen kalmar, misali "iya", ka bar fili guda a bayansa, sai ya riƙa kai ka kan kalmomin da suka ƙare da shi. Idan babu ƙamus sam, mataki na 3 zai tsaya maka a madadinsa. Shafukan nemo amsa-amo da ke intanet kuwa akasarinsu don Turanci aka yi su, ba za su ɗauke maka aikin Hausa ba.

Mutum ɗaya mai kunne, wanda ba ya jin nauyin ce maka "nan bai zauna ba".

Abin da ya kamata ka sani tukuna

A waƙar Hausa, amsa-amo yana kan gaɓar ƙarshe ta ɗango, baƙinta da wasalinta tare. Zuciya da hanya da ɗaya duk sun ƙare da -ya, saboda haka sun amsa wa juna. Wannan shi ne cikakke. Idan wasalin gaɓar da ke gabanta ma ya dace, kamar zuciya da rijiya, ya ƙara armashi. Na kusa kuwa shi ne inda aka sami kama ba tare da an zama ɗaya ba, kamar raba da saɓa, ko gida da jira.

Akwai kuma babba da ƙarami. A waƙa 'yar ƙwar biyar, ɗango 4 na farko suna amsa wa junansu, kuma wannan sauti yana canzawa daga baiti zuwa baiti. Shi ne ƙaramin amsa-amo, ko na ciki. Ɗango na 5 kuwa yana riƙe da sauti guda tun daga farkon waƙa har ƙarshenta. Shi ne babba, ko na waje. Babban shi ke cinye kalmomi, don haka shi za mu fi yi wa tanadi.

Mataki na 1: Zube maganarka tukuna

Kafin ka nemi sauti, rubuta abin da kake son faɗa kamar kana rubuta wa aboki wasiƙa. Rabin shafi ya isa. Sannan ka ja layi a ƙarƙashin kalmomi 5 ko 6 waɗanda in babu su babu waƙar. A ce waƙar kewar wanda ya tafi ce: zuciya, kewa, sallama, saƙo, dawowa, shiru. Daga cikin waɗannan za ka zaɓi amsa-amo. Wanda ya fara da zaɓar sauti mai daɗi sannan ya nemo abin da zai ce, yakan ƙare da waƙar da sauti ya ja ta inda bai yi niyya ba.

Mataki na 2: Auna zurfin rijiyar kafin ka zura guga

Ɗauki ƙarshen kowace kalma daga cikin waɗanda ka ja wa layi, ka ba kanka minti 5 ka jero duk kalmomin da ka tuna masu wannan ƙarshe. Ƙa'idar da na sa wa kaina ita ce: in ina son baiti 20, sai na ga kalma 40 a takarda, domin rabinsu ba za su shiga maganar ba.

Na koyi wannan ne da kunya. Na taɓa fara waƙar ta'aziyya da -ƙo, saboda kalmar saƙo ta zauna min daram a baitin farko. Na bi da baƙo, na bi da riƙo, na samu miƙo da leƙo. A baiti na 6 na duba abin da ya rage a hannuna, sai na ga ƙoƙo da maiƙo da sanƙo. Ta ina sanƙo zai shiga waƙar ta'aziyya? Ruwa ya ƙare wa ɗan kada bai gama wanka ba. Dole na rushe ta na sake da -wa.

Masu zurfi, waɗanda za su kai ka baiti 50 ba ka yi haki ba, su ne irin su -ya, -wa, -na, -ra, -ta, -ka, -ma, -ri, -ni da -ci. Masu ƙarancin kalmomi irin -ƙo, -tsu, -ɓe da -zo suna da daɗin kunne saboda ba a saba jin su ba, amma ka ajiye su don ƙaramin amsa-amo, inda kalma 3 ko 4 kawai kake bukata.

Mataki na 3: Bi baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya

Wannan ita ce dabarar da ba ta bukatar komai sai baki. Ɗauki ƙarshen da kake so, ka riƙa ɗora masa baƙaƙen Hausa a jere kana furtawa da ƙarfi: b, ɓ, c, d, ɗ, f, g, h, j, k, ƙ, l, m, n, r, s, sh, t, ts, w, y, 'y, z. Kada ka manta da masu goyo, wato kw, gw, ƙw, ky, gy, ƙy da fy. A nan ake yawan barin kalmomi masu kyau a baya.

Gwada da -ari. Za ka sami bari, ɗari, fari, gari, hari, jari, kari, ƙari, mari, sari, tari, tsari, wari, kwari, ƙwari. Kalma 15 ke nan cikin abin da bai kai minti 2 ba. Sai ka sake zagaye na biyu kana ƙara gaɓa a gaba, ka ji abin da zai faɗo: hadari, haɗari, nazari, hanzari, alƙawari, lissafi ba ya ciki, ka wuce. Kada ka tsaya tantancewa a wannan mataki. Rubuta duk abin da ya zo, har da wanda ka san ba za ka yi amfani da shi ba, don sau da yawa kalmar banza ce ke tuno maka da ta kirki.

Mataki na 4: Tace da kunne

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mafi yawan masu farawa ke faɗuwa. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti. Kalmomi biyu sai su yi kama a takarda kamar an tsaga kara, a baki kuwa kowace da hanyarta.

Fara da tsawon wasali. Koma kan jerin -ari ɗin nan ka raba shi gida biyu. Masu gajeren wasali a gaɓar farko: bari, fari, hari, kari, kwari, gari na zama, ɗari na ƙirga, tsari na kariya. Masu dogo: jari, ƙari, mari, wari, ƙwari, gari na tuwo, ɗari na sanyi, tsari na shiri. A littafinka ka riƙa ninka wasalin mai tsawo, ka rubuta gaari da ɗaari da tsaari, don kada idonka ya yaudare ka gobe. Duka gidajen biyu sun ƙare da -ri, don haka amsa-amo bai karye ba idan ka gauraya su. Abin da ke karyewa shi ne karin waƙar, wato awon nauyin gaɓoɓinta, domin gaɓa mai dogon wasali nauyi gare ta, mai gajere kuwa sauƙi. Idan ɗangon farko ya ƙare da gaɓa mai sauƙi sai mai nauyi, na biyu kuma ya ƙare da masu nauyi biyu, mai rerawa zai yi tuntuɓe a wurin ko bai san dalili ba.

Wasalin ƙarshe ma yana da nasa. Baya na jiki dogo ne, amma a "ya koma baya" gajere ne. Ƙasa ta haihuwa dogo, "ya faɗi ƙasa" gajere. A waƙar rerawa wannan ba ya cika damuwa, domin murya tana jan ƙarshen ɗango. A wadda za a karanta a hankali kuwa, mai kunne zai ji.

Sai karin sauti, wato hawa da saukar murya a kan gaɓa. Furta duniya da lafiya: muryarka ta sauka a ƙarshe. Furta zuciya da rijiya da mujiya: ta hau, ta sauka, ta sake hawa. Duka -ya ne, amma zuciya da rijiya sun fi zama 'yan ɗaki ɗaya fiye da zuciya da duniya. Wannan dacewa ita ake kira amsa-amon kari, kuma Farfesa Ɗalhatu Muhammad yana cikin masanan da suka yi nazarinta. Ba dole ba ne kowane ɗango ya cika ta. Amma a amshi, da wurin da kake son magana ta zauna a zuciyar mai sauraro, ka neme ta. Idan ka kasa jin karin kalma, rufe bakinka ka yi ta da gunji, ko ka yi ta da fito. Baƙaƙe za su ɓace, hawa da sauka kaɗai za su rage.

Mataki na 5: Buɗe rumbun nahawu

Idan jerin ya yi gajere, harshen da kansa yana da ma'ajiyar amsa-amo a ƙirar kalmominsa. Aikatau ɗaya yana iya ba ka ƙarshe iri-iri: tara, tari, tare, taro, taru, tarawa. Kana neman -o? Juyo da aikin wajenka: dawo, shigo, kawo, fito, taho. Kana neman -u? Ga haɗu, rabu, gyaru, yiwu, taru. Kana neman -e? Ga zaune, tsaye, kwance, buɗe, da irin su dafaffe da gyararre. -wa kuwa kusan ba ta ƙarewa, tunda aikatau da yawa suna karɓarta: dawowa, fitowa, rabuwa, mantawa.

Jam'i ma haka: malamai da ɗalibai, riguna da huluna, gidaje da wurare da birane, hanyoyi da ƙofofi. Ga sunayen hali masu -ci: mutunci, zumunci, adalci, zalunci, talauci. Ga masu -aka: dangantaka, abokantaka. Ga masoyi da maƙiyi da mabiyi, jam'insu kuma ya mayar da kai -ya: masoya, maƙiya, mabiya.

Ka lura baƙi yana canzawa idan wasali ya canza. Sata tana komawa sace, mota motoci, ƙasa ƙasashe, gida gidaje. Wato kalmar da ta ƙi shiga shafin -ta tana iya samun wuri a shafin -ce ko -ci.

Wata ƙofa ita ce haɗa kalma biyu su amsa wa ɗaya. Zamani da magani da tunani suna amsa wa "tuna da ni" da "tare da ni". Rana tana amsa wa "bar mana".

Gargaɗi a nan: rumbun nan yana sa lalaci. Idan ɗango 10 a jere duk sun ƙare da -wa ta aikatau, ko da "ba" ta korewa, ko da -na ta mallaka irin masoyina, farin cikina, rabin raina, kunne zai gane cewa ɗafi kake maimaitawa. Magabata sun yi dogayen waƙoƙi da -ba da -wa kuma sun yi kyau, don haka ba haramun ba ne. Abin da nake yi shi ne gauraya jinsin kalmomin: in dawowa ta rufe wannan baiti, na gaba in rufe shi da suna kamar inuwa ko rayuwa, na gaba da kowa.

Mataki na 6: Sauko kan na kusa, daki-daki

Wani lokaci kalmar da ta faɗi gaskiyar abin da ke ranka ba ta da cikakken abokin amsawa. Kada ka yar da ita. Sauko mataki-mataki, ka tsaya a na farkon da ya biya bukata.

Mafi kusa shi ne riƙe wasali, a musanya baƙi da makusancinsa a furuci: b da ɓ (raba, saɓa), d da ɗ (fada, faɗa), k da ƙ (daka, haƙa), s da z da ts (ƙasa, maza, matsa), m da n (nama, rana), r da l (shawara, wahala). Da na san wannan a lokacin waƙar -ƙo ɗin nan, da farko da sauko da ɗauko da ƙarko sun cece ni.

Na biye da shi shi ne dacewar wasula biyu na ƙarshe, baƙaƙe kuwa kowa da nasa: gida, jira, shiga, cika. Ko ruwa, kusa, tuna. Wannan ya fi aiki a waƙar kiɗa, inda wasali ne ake ja, baƙi kuwa yana wucewa da sauri.

Na ƙarshe, kuma mafi rauni, shi ne riƙe baƙi a musanya wasali da makusancinsa, e da i ko o da u: dare da gari, tsoro da shiru. Ina amfani da shi ne kawai idan tazara tsakanin ɗangayen gajeriya ce.

Kalmomin da ke ƙarewa da baƙi ba su da yawa a Hausa, shi ya sa suke da ƙarfi idan sun zo. Mutum da kullum sun cika. Malam da nan sun yi kusa ƙwarai, don m da n a ƙarshen magana kusan sauti ɗaya suke fita. Amsa-kama ma suna nan birjik: tsaf da kaf, tak da sak, wur da zur.

Inda na kusa yake da aminci shi ne cikin baiti. Babban amsa-amo na rubutacciyar waƙa da amshin waƙar kiɗa kuwa, ka bar su cikakku, domin su ne kunne ke jira.

Mataki na 7: Gina ɗango daga ƙarshe

Yanzu ka jera kalmomin da ka zaɓa a gefen dama na takarda, ka bar hagu fayau, sannan ka cike kowane layi yana tafiya zuwa kalmarsa. Ga wanda na yi da kalmomin mataki na 1, 'yar ƙwar huɗu, babban amsa-amo -ya:

Ka tafi babu ko sallama,
Ka bar ni da tarin nadama,
Babu saƙo, babu alama,
Kewa ta cika zuciya.

Na tambayi masu dawowa,
Na tare duk masu wucewa,
Ba wanda ke da abin cewa,
Shiru kamar a rijiya.

Dubi abin da ya faru. Saƙo da kewa da shiru, waɗanda amsa-amonsu ke da wuya ko bai dace da tsarin ba, sun koma cikin ɗango, ba su ɓata ba. Sallama da nadama da alama duk muryarsu tana sauka a ƙarshe, nadama da alama kuma har dogon wasalin tsakiya sun haɗa. Zuciya da rijiya kari ɗaya. A rubutun farko ɗango na 4 cewa yake "zuciyata ta cika da kewa". Juya shi kawai na yi, zuciya ta koma ƙarshe. Kafin ka canza kalma, fara gwada canza mata wuri.

Wata dabara: idan cikin kalmomi biyu ɗaya ce ta gaske, ɗaya kuwa don sauti ka nemo ta, sa ta neman a gaba, ta gasken a baya. Mai sauraro zai ɗauka ta biyun ce ta zo da kanta.

Kada ka maimaita kalma ɗaya da ma'ana ɗaya a matsayin amsa-amo kusa da kusa. Masana arulin Larabci, wato ilimin awon waƙa, suna ƙirga wannan aibi idan ba a ba da tazarar baiti 7 ba, kuma ma'auni ne mai kyau ko a Hausa. Idan ma'ana ta bambanta kuwa, ado ne: wuya na jiki da wuya ta wahala, kuka na hawaye da kuka ta itace. Haka nan kada ka karya jinsi ko ka lanƙwasa kalma ta koma abin da ba a faɗa, kuma kada ka tsallaka wani karin harshe a ɗango ɗaya tak don neman sauti alhali sauran waƙar ba da shi ka yi ta ba.

Mataki na 8: Rera, naɗa, saurara

Rera waƙar da karin da ka yi niyya, ka naɗa a waya, ka ajiye sai washegari. Idan za ka saurara, kada takarda ta kasance a gabanka. Duk inda ka ji muryarka ta yi gaggawa don ta cimma ƙarshen ɗango, ko ta ja wata gaɓa fiye da kima, yi alama. Galibi kalmar amsa-amon ce ta fi wurin tsawo ko ta gaza.

Sannan ka rera wa mai kunnen nan naka, ka riƙa tsayawa kafin kalmar ƙarshe ta kowane baiti ka bar shi ya cike. Idan yana cankar kowace ɗaya tun ba ka kai rabin ɗango ba, amsa-amonka ya tsufa: zuciya, duniya, gaskiya, lafiya, an san hanyar. Koma shafin -ya ka nemo waɗanda ba a taɓa ba, irin su tsintsiya, ƙugiya, igiya, tsangaya, ƙaya. Idan kuma ya kasa cankar ko ɗaya, har yana tambayarka me ya kawo wannan kalma nan, to sautin ya ja ka daga maganar.

Idan baiti ɗaya ya ƙi duk da haka, akwai mafita 3. Nemo kalma mai ma'ana ɗaya da ƙarshe dabam, kamar daɗi da farin ciki da murna, ko tsoro da fargaba da firgici. Ko ka faɗi abin ta hoto maimakon sunansa, yadda rijiya ta tsaya a madadin kaɗaici a baitin sama. Ko ka bar gurbin da ɗigo-ɗigo ka wuce baiti na gaba, ka rubuta gaɓar da kake nema a saman shafi, ka dawo mata bayan kwana 2 da sabon zagayen baƙaƙe.